Fuluwor cikin ruwan sha: gubar da ba ta da ɗanɗano

Jama'ar Adar na gida da na waje, duk wanda ya san wahalar ruwa a ƙasarmu ya san murnar ranar da foraj ya fara zubo ruwa. Ƴan uwanmu da ke Abijan, Legas ko Libiya sukan haɗa kuɗi don a haƙa a garinsu, Allah ya saka. To amma akwai abu guda da ya kamata a auna kafin a fara sha, sunansa fuluwor.

Fuluwor sinadari ne da ke cikin wasu duwatsu na ƙarƙashin ƙasa. Ba wanda ya zuba shi, ruwa ne ke narkar da shi sannu-sannu, shi ya sa aka fi samunsa cikin ruwan da ya daɗe kwance a zurfi. Kaɗan ɗinsa na da amfani, yana kare haƙori daga ruɓewa, har ana sa shi cikin man goge baki. Yawansa ne matsala. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sa iyaka: miligiram 1,5 cikin litar ruwa. Mu kuma ƴan ƙasar zafi ne, muna shan ruwa da yawa, ke nan abin da ke taruwa a jikinmu ya fi na mutanen ƙasar sanyi.

Binciken ya daɗe. A 1901 wani likitan haƙori, Frederick McKay, ya lura da tabo ja-ja a haƙoran mutanen Kolorado ta Amurka. Sai a 1931 anka gane fuluwor ɗin ruwansu ne. A 1937 likitoci a Indiya sunka nuna cewa abin ba ya tsayawa ga haƙori, har ƙashi yake kamawa.

Mu a Nijar ba sai mun je nesa ba. A Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, anka fara ba jama'a ruwan wani foraj mai zurfi a 1985. Ruwa garau, ba wari, ba ɗaci. Shekara da shekaru ana sha, sai anka fara ganin yara haƙoransu sun yi ja, ƙafafu sun lanƙwashe, wasu kai ya yi girma, wasu tafiya ta gagara. Da anka auna ruwan, fuluwor ɗin ya ninka iyakar OMS fiye da sau uku. A 2002 ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, FIDH da ANDDH, sunka fitar da rahoto a kai, kuma an ƙiyasta yaran da abin ya shafa sun kusa 5000. Abin da ya fi yi mana ciwo shi ne, awon da zai tona wannan ba wani babban aiki ba ne.

Yara ya fi kamawa don ƙashinsu bai gama ƙwari ba, balle yaron da ba ya samun nono da abinci mai gina ƙashi. Tabon haƙori na shiga ne kafin shekara 8, kuma ba asuwakin da ke fidda shi. Kada a ruɗa shi da jan goro: yaron da bai taɓa cin goro ba, in haƙoransa sun fito da fari-fari kamar alli ko ja-ja, kuma yaran unguwa duk haka, ruwan za a duba.

Tafasa ruwa fa ba ya fidda fuluwor, sai ma ya ƙara masa ƙarfi in ruwan ya ƙone. Tacewa da ƙyalle ko sa jabel, su ma ba su taɓa shi. Abin da ke aiki shi ne sauya rijiya, ko gauraya ruwan da wani maras fuluwor, ko tace shi da gawayin ƙashi kamar yadda ake yi a Kenya da Habasha.

In garinku zai haƙa foraj, a sa kuɗin awon ruwa cikin lissafi tun farko, a nemi ma'aikatar ruwa ta jaha a nan Tawa, a ce a duba fuluwor da sunansa, kuma kwamitin ruwa ya riƙe takardar sakamakon.