Waiwaye Adon Tafiya: Yadda Coci Ya Rasa Ƙasar Ayalan, Da Makomar Musulunci A Can

A wannan fitowa filinmu na tarihi zai leƙa ƙasar Ayalan, wato tsibirin nan da ke yamma da Ingila. Kada mai karatu ya ce ina ruwan biri da gada. Mu mazauna Kurmi mun fi 'yan'uwanmu na gida sanin mutanen wannan ƙasa, ko da wasunmu ba su taɓa jin sunanta ba. Fararen fada-fada da sistocin nan da suka kakkafa makarantun mishan da asibitoci a Anaca, da Kalaba, da Ogoja, da Legas, da yawansu 'yan Ayalan ne. Ɗaya daga cikinsu, Joseph Shanahan, ya sauka Anaca a 1902, kuma da makaranta ya yi wa darikar Katolika hanya a ƙasar Ibo. Su ma tsofaffinmu da suka ga yaƙin basasa suna tune da rawar da waɗannan fada-fada suka taka wajen kai agaji Biyafara, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta kori da dama daga cikinsu a 1970.

To, yau reshe ya juye da mujiya. Ƙasar da ta riƙa aiko mana da fada, yanzu ita ke aron fada daga Nijeriya don su riƙe mata majami'u. Kai, jakadan Fafaroma a Ayalan daga 2017 zuwa 2022, Akbishop Jude Okolo, ɗan Nijeriya ne, haifaffen Kano ma. Ganin haka ya sa ake jin wasu 'yan'uwa a majalisa suna cewa ai shi ke nan, coci ya faɗi, saura Musulunci ya shiga ya gaje wuri. Kafin mu yi tafi, ya kamata mu bi tarihin daki-daki, domin cikinsa akwai abin da ya shafe mu da 'ya'yanmu.

Yadda coci ya kama ƙasa

Kiristanci ya shiga Ayalan tun ƙarni na 5, kuma sunan da aka fi dangantawa da wannan aiki shi ne Patrick. A ƙarni na 16 Sarkin Ingila Henry na 8 ya ɓalle daga Fafaroma, amma akasarin mutanen Ayalan suka ƙi bin sa. Daga nan addini da mulkin mallaka suka cuɗe. A 1609 aka fara kwaso 'yan Furotesta daga Ingila da Sikotilan ana ba su filayen 'yan ƙasa a arewacin tsibirin. A 1649 Cromwell ya zo da runduna ya yi ɓarna mai yawa. Bayan yaƙin 1690 aka kafa dokokin da suka hana ɗan Katolika shiga majalisa, da sayen fili, da buɗe makaranta, aka kuma kori bishop-bishop. Sai a 1829, bayan gwagwarmayar Daniel O'Connell, aka yarje musu zama a majalisa. Saboda haka a idon talaka, riƙe darika da ƙin baƙon mulki abu guda ne, fada kuwa shi ne jagoran da ya zauna da shi cikin wahala.

Daga 1845 zuwa 1852 cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, wanda shi ne tuwon talaka. Wajen mutum miliyan 1 suka mutu, wasu kamar haka suka yi gudun hijira. Yana da kyau mu sani cewa a 1847 Sarkin Musulmi na Santambul, Abdulmajid, ya aika musu da gudunmawar fam 1,000, kuma har yau ana tunawa da wannan alheri. Bayan yunwar ne coci ya ƙara kankane komai, makaranta tasa, asibiti nasa, gidan marayu nasa.

Da larduna 26 suka sami mulkin kai a 1922, aka bar 6 na arewa a hannun Ingila, sai sabuwar gwamnati ta jingina da coci. Tsarin mulkin 1937 ya ba cocin Katolika matsayi na musamman, ya kuma haramta sakin aure. A 1951 ministan lafiya Noel Browne ya kawo shirin kula da uwa da ɗa kyauta, bishop-bishop da likitoci suka ƙi, dole ya ajiye aiki. A ƙidayar 1961 kusan kashi 95 cikin 100 'yan Katolika ne, kuma a farkon shekarun 1970 mutum 9 cikin 10 daga cikinsu suna zuwa coci kowace Lahadi. Da Fafaroma John Paul na 2 ya ziyarci Dablin, babban birnin ƙasar, a 1979, fiye da mutum miliyan 1 suka taru a fili guda.

Ruwa ba ya tsami banza

Tun kafin wannan taro gara ta fara cin ginin. An buɗe gidan talbijin na ƙasa a ƙarshen 1961, aka soma tattauna abubuwan da da ba a iya furtawa. A 1967 aka mai da karatun sakandare kyauta, 'ya'yan manoma suka shiga jami'a, aikin fada ya daina zama hanya ɗaya tilo ta ɗaukaka. A 1972 aka jefa ƙuri'a aka cire matsayin nan na musamman daga tsarin mulki, a 1973 kuma ƙasar ta shiga Kasuwar Tarayyar Turai. Da arziki ya zo a shekarun 1990, mata suka fita aiki, matasa suka koma birni, idon ƙauye da na fada ya daina kai musu.

Amma abin da ya karya ƙashin bayan coci daga cikin gida ya fito. A 1992 aka gano cewa wani mashahurin bishop, Eamonn Casey, yana da ɗa a ɓoye, alhali a darikarsu fada ba ya aure. A 1994 maganar wani fada mai suna Brendan Smyth, wanda ya shekara da shekaru yana lalata da yara, ta yi sanadin rushewar gwamnati. Sai kuma labarin gidajen wanki da sistoci ke gudanarwa, inda ake kulle 'yan matan da suka yi cikin shege da wasunsu, suna aiki ba lada. Sai a 1996 aka rufe na ƙarshe. A 2009 rahotanni biyu na hukuma suka fito, ɗaya kan duka da fyaɗe a makarantun horon yara, ɗaya kan yadda shugabannin coci a Dablin suka riƙa rufa wa masu laifi asiri don kare sunan darika. A 2014 wata mai binciken tarihi, Catherine Corless, ta fito da sunayen yara 796 da suka mutu a wani gidan renon a garin Tuam, waɗanda babu takardar da ta nuna inda aka binne su. Talakan da ya jure mulkin Ingila don ya riƙe addininsa, ya wayi gari ya ga waɗanda ya ba amanar 'ya'yansa su ne suka ci amanar.

Sakamakon ya bayyana a akwatin zaɓe. A 1995 aka halatta sakin aure da ratar ƙuri'a wajen 9,000 kacal. A 2015 kashi 62 cikin 100 suka amince da auren jinsi, a 2018 kashi 66 suka amince da zubar da ciki, a shekarar nan kuma aka cire laifin saɓo daga tsarin mulki. Da Fafaroma Francis ya zo a 2018, waɗanda suka taru a filin nan na 1979 ba su kai dubu 200 ba. Ƙidayar 2011 ta nuna 'yan Katolika kashi 84, ta 2022 ta nuna kashi 69. Duk da haka coci bai mutu ba, don har yanzu kusan makarantun firamare 9 cikin 10 suna ƙarƙashin kulawarsa, kuma jana'iza da yawa a can ake yin ta.

Shigar Musulunci

Musulmi ɗaiɗai sun daɗe da taka ƙasar. Wani malami daga Indiya, Mir Aulad Ali, ya koyar da Larabci da Farisanci a Kwalejin Trinity ta Dablin a ƙarni na 19. Lord Headley, mai riƙe da sarautar gado ta Ayalan, ya musulunta a 1913, ya yi aikin Hajji a 1923. Amma al'umma sosai ɗalibai ne suka kafa ta, musamman masu koyon likitanci, waɗanda suka kafa ƙungiyar Musulmi ta Dablin a 1959. A 1976 suka buɗe masallacin farko da taimakon Sarki Faisal na Saudiyya, a 1983 suka sayi wani tsohon coci suka koma can. A ƙarshen shekarun 1980 aka gina masallaci a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Ballyhaunis, saboda ma'aikatan mayankar naman halal. Wannan labari ba baƙo ba ne gare mu, tunda zangunanmu da yawa a nan Kurmi a gefen kara da mahauta suka tsiro.

A 1990 gwamnati ta amince da makarantar firamare ta Musulmi ta farko. A 1992 Dokta Moosajee Bhamjee ya zama Musulmi na farko a majalisar dokokin ƙasar. A 1996 shugabar ƙasa Mary Robinson ta buɗe babbar cibiyar Musulunci ta Clonskeagh, wadda gidan sarautar Dubai ya gina. 'Yan gudun hijira daga Bosniya da Somaliya, da masu neman aiki daga Pakistan, Bangaladash, Masar, Sudan da Nijeriya suka yi ta ƙaruwa. Musulmi ba su kai 4,000 ba a ƙidayar 1991, a ta 2002 sun haura 19,000, a ta 2022 sun kusa 82,000. A 2020 aka yi sallar Idi a filin wasa na Croke Park, wanda suke ji da shi a matsayin alamar ƙasa, kuma Akbishop na Dablin ya halarta. A 2018 kuma shahararriyar mawaƙiyarsu Sinéad O'Connor, wadda ta yaga hoton Fafaroma a talbijin a 1992, ta karɓi Musulunci, ta ɗauki suna Shuhada.

Ina aka dosa?

Yanzu sai mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Tsakanin 1991 da 2022 Musulmi sun ƙaru da wajen dubu 78. A tsakanin waɗannan shekaru, masu cewa ba su da addini sun tashi daga wajen dubu 66 zuwa fiye da dubu 736, wato kashi 14 cikin 100 na mutum miliyan 5 da 'yan kai. Musulmi kuwa ba su kai kashi 2 ba, kuma akasarinsu baƙi ne da 'ya'yan baƙi. Ashe wanda ya fita daga coci gida ya koma, bai zarce masallaci ba. Mutumin da maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wanda ya sha wuya a hannun masu addini yakan ɗari-ɗari da duk mai zuwa masa da halal da haram, musamman kan aure da matsayin mata. Ga kuma masu ƙyamar baƙi da suka fara ɗaga kai, kamar yadda aka gani a tarzomar Dablin ta Nuwamba 2023.

Amma akwai ƙofofi a buɗe. Mutanen Ayalan sun san ɗacin mulkin mallaka, da yunwa, da zaman baƙunci a ƙasar wasu, shi ya sa tausayinsu ga Falasɗinawa ya fito fili, har gwamnatinsu ta amince da ƙasar Falasɗinu a Mayun 2024. Sun kuma san likitan Musulmi a asibitocinsu, tun kafin su san limami. Saboda haka abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne Musulunci zai zauna daram a matsayin addinin 'yan tsiraru, mai ƙaruwa sannu a hankali. Babbar jarrabawarsa ita ce riƙe yaran da aka haifa a can, domin iskar da ta kwashe 'ya'yan Katolika ita ke kaɗawa a ƙofar gidan Musulmi. Rikicin cikin gida ma ba ya taimakawa. A 2025 sai da aka rufe cibiyar Clonskeagh na tsawon watanni saboda saɓanin shugabanci.

Abin lura gare mu

Jama'a, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abu na farko, coci a Ayalan ya fi ƙarfi a zukata lokacin da yake tare da wanda ake zalunta, ya fara rauni lokacin da ya zauna kusa da mai mulki ya daina jin gyara. Na biyu, rufa asirin mai laifi don kare sunan addini shi ya jawo wa addinin zagi. Ba mu manta da gidajen marin da 'yan sanda suka buɗe a Kaduna da Daura a 2019 ba, inda aka sami yara da manya cikin sarƙa. Duk wanda zai tura ɗansa karatu gida, ko ya sa shi Islamiyyar unguwa, wajibi ne ya riƙa bin sawu, kwamitin makaranta kuma ya saurari kukan yaro ko da malamin mai gemu ne har ƙirji. Na uku, mu ma 'yan tsiraru ne a inda muke zaune. Maƙwabcinmu Bayarabe ko Ibo ko ɗan Kalaba zai fara karanta addininmu a mudunmu, da sikelinmu, da cika alkawarinmu, da yadda muke sasanta rigimar sarauta da ta limanci a tsakaninmu.

Yaranmu da aka haifa a nan suna jin harshe uku, suna riƙe da waya, suna kuma yin tambayoyin da mu ba mu yi wa iyayenmu ba. In ba mu tanadi malamai masu amsa musu da hujja da haƙuri ba, za su nemi amsa a wani wuri. Muna roƙon shugabannin ƙungiya su sa wannan batu cikin ajandar taro mai zuwa.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Amin.