Tarihin Gasar Ƙwallon Yara a Arewacin Najeriya

Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta yara, irin wadda ake gani a unguwannin Kano, Kaduna, Zariya, Jos da Katsina, ta bi ta hannu uku kafin ta kai siffar da take da ita a yau. Makarantar boko ce ta fara riƙe ta, sannan unguwa ta karɓa, daga baya cibiyoyin koyar da ƙwallo masu zaman kansu suka shigo. Duk lokacin da ta sauya hannu, sai a samu sauyin wanda ke sayen ƙwallo, da wanda ke shirya gasa, da kuma wanda zai iya ba da shaidar shekarun yaron da ke cikin fili.

Kafin zuwan Turawa, wasannin ƙarfi na yaran ƙasar Hausa su ne langa, kokawa da dambe, ana yin su a dandali da dare ko bayan an kawar da amfanin gona. Ƙwallon ƙafa ta bakin teku ta shigo. Wasa mafi daɗewa da aka samu a rubuce a Najeriya shi ne wanda ɗaliban makarantar Hope Waddell ta Kalaba suka buga da ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙi na Birtaniya a 1904. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, kuma ma'aikatanta, da akawun kamfanoni, da sojoji, da masu aikin haƙar kuza a Jos suka yaɗa wasan a barikoki da unguwannin Sabon Gari.

A wajen yara kuwa, makaranta ce ƙofar shiga. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ta ɗauki wasanni da muhimmanci irin na makarantun kwana na Ingila. An raba ɗalibai gida-gida, kowane gida yana karawa da ɗan'uwansa, kuma wannan tsari ya bi kwalejin zuwa Kaduna a 1938, sannan zuwa Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Makarantun midil na larduna da na mishan suka kwaikwayi tsarin. Gasar farko da yaron Arewa ya sani ke nan: gida da gida, sannan makaranta da makaranta, malamin wasanni ne koci kuma sau da yawa shi ne alƙalin wasa. Sunan kowane ɗan wasa yana cikin rajistar aji, an san shekarar da ya shiga, an san ajin da yake. Ko da ba a san ranar haihuwarsa daidai ba, ba zai yiwu wanda ya gama makaranta ya dawo ya saje da ƙannensa ba tare da an gane shi ba.

Wannan tsari ya yi 'ya'ya. An fara Kofin Gwamna a 1945, kuma a 1953 tawagar Kano ta ɗauke shi bayan ta doke Dynamos ta Legas. A shekarun 1960 aka riƙa tace gwanayen makarantun sakandare ana haɗa tawagar ɗalibai ta ƙasa don karawa da takwarorinsu na Gana, kuma Jos ta ba da fitattu irin su Ismaila Mabo da Sam Garba Okoye. Irin waɗannan matasa ne ƙashin bayan Mighty Jets ta Jos, wadda ta lashe gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972. Raccah Rovers ta Kano ta yi nata a 1978.

Sai dai 'yan boko tsiraru ne a Arewa a wancan zamani. Sauran yara a lungu suke buga tamaula, ƙwallon da aka ɗaure da tsumma ko ɗanyen lemo, ƙafa ba takalmi, duwatsu biyu ne raga. Iyaye da dama suna kallon abin a matsayin shiririta mai hana yaro zuwa makarantar allo da aiken gida, kuma yaro da yawa ya sha bulala saboda magariba ta riske shi a fili. Daga cikin waɗannan yara ne ƙungiyar unguwa ta fito.

Abin da ya ba ta ƙarfi shi ne raunin da wasannin makaranta suka yi. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika makarantu da yara fiye da yadda malamai da kayan aiki za su ɗauka. Matsin tattalin arziki na shekarun 1980 ya zo ya cinye ɗan kuɗin wasanni, kuma a birane an yanka filayen makarantu da yawa an gina azuzuwa ko shaguna. Yaron da ke son ƙwallo sai ya koma wajen wani matashi a unguwarsu, galibi tsohon ɗan wasa da bai kai ga babban kulob ba, wanda kowa ke kira koci. Shi ne mai tara yara da asuba ko bayan la'asar a filin idi, ko harabar firamare, ko wani fegi da ba a gina ba. Shi ne mai bin gida-gida yana roƙon iyaye su bar 'ya'yansu. Da karo-karo ake sayen ƙwallo, riguna kuwa daga 'yan gwanjo, ko kuma wani mai hali a unguwa ya ɗauki nauyi. Aikin waɗannan kociyoyi ya fi ƙarfin ladan da suke samu, domin akasarinsu ba mai biyan su ko sisi, kuma su ne suka riƙe wasan yara lokacin da hukuma ta sake shi.

Gasar unguwa tana da tsarinta da kowa ya sani. Masu shiryawa su sanar, kowace ƙungiya ta biya kuɗin rajista, a jefa ƙuri'a a raba rukuni, daga nan a shiga zagayen sili ɗaya ƙwale. Lokacin dogon hutu aka fi yi. Ana take wasa bayan sallar la'asar a tashi kafin magariba, shi ya sa idan aka yi canjaras ba a cika ƙarin lokaci ba, sai a tafi bugun fenariti. Akan sa wa kofin sunan hakimi, ko mai unguwa, ko kansila, ko shugaban ƙaramar hukuma, kuma idan zaɓe ya ƙarato kofuna sukan yawaita, bayan zaɓe su yi ƙaranci. Kyautar ba ta wuce kofi, saitin riguna, ɗan kuɗi, wani lokaci rago. Ranar wasan ƙarshe unguwa biyu ne ke fitowa ƙwansu da kwarkwatarsu, kuma nan ne rigima kan tashi idan wani ɓangare ya ga alƙalin wasa ya yi son kai, ko ya zargi abokan karawa da shigo da sojan haya daga wata unguwa.

Wadda ta haɗa waɗannan ƙananan gasanni da matakin ƙasa ita ce ƙungiyar wasannin matasa ta Najeriya, YSFON. Ta shirya kofuna a jihohi daban-daban, ta kuma kai tawagogin yara gasannin Turai irin su Kofin Gothia na Suwidin. Mafi shahara a cikin kofunanta shi ne Kofin Ramat na 'yan ƙasa da shekara 16, wanda ake yi a Kano tun shekarun 1980 don tunawa da Janar Murtala Ramat Muhammad, shugaban ƙasar da aka kashe a Legas ranar 13 ga Fabrairun 1976 aka binne shi a Kano. Saboda haka a watan Fabrairu ake buga shi, jihohi su turo tawagoginsu, gwamnatin Kano ta karɓi baƙuncinsu. Ga yaron unguwa, samun gurbi a tawagar jiharsa zuwa wannan gasa shi ne karo na farko da masu neman 'yan wasa za su gan shi.

Shekarar 1985 ta canza yadda ake kallon ƙwallon yara baki ɗaya. A watan Agusta Najeriya ta doke Jamus ta Yamma da ci 2 da nema a Beijin, ta ɗauki kofin duniya na farko na 'yan ƙasa da shekara 16, Nduka Ugbade na kyaftin. Ta sake ɗauka a 1993, 2007, 2013 da 2015, bayan da gasar ta koma ta 'yan ƙasa da 17. Arewa na da hannu dumu-dumu a ciki: Rabi'u Ibrahim yana cikin tawagar 2007, ta 2013 kuwa Manu Garba ne kocinta, Musa Muhammad ɗan Kano ne kyaftin. A 2009 ma, da Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar, an buga wasanni a Kano, Kaduna da Bauci. Daga nan uban da ke korar ɗansa daga fili ya fara tunanin ko ƙwallo sana'a ce.

Da riba ta shigo, sai matsalar shekaru ta fito fili. Ƙungiyar unguwa ba ta da rajistar aji, yara da yawa ba su da takardar haihuwa, kuma takardar rantsuwa ta kotu ba ta da wuyar samu. A gasar unguwa da ido ake tantancewa, a jera yara a dubi tsawo da fuska, wani lokaci a sa ma'aunin tsawo ko na nauyi. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya daga gasannin matasa na shekara biyu saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, ta kuma ƙwace damar da aka ba ta ta karɓar gasar duniya ta 'yan ƙasa da 20 ta 1991. Tun 2009 ake amfani da na'urar MRI wajen duba ƙashin wuyan hannu, domin a ga ko ya gama haɗewa, alamar cewa ɗan wasa ya wuce shekarun gasar. A 2016 'yan wasan Najeriya 26 suka faɗi wannan gwaji ana gab da karawa da Nijar, kuma Nijar ta fitar da Najeriya, ta wuce har gasar duniya ta 2017 a Indiya. Wanda ya fi cutuwa da wannan maguɗi shi ne yaro ɗan shekara 14 na gaskiya, wanda ake ajiyewa a benci saboda wani ƙato ya tare masa gurbi.

Hannu na uku, wato cibiyoyin koyar da ƙwallo, ya fara ƙarfi daga shekarun 1990. Cibiyar Pepsi, wadda Kashimawo Laloko ya kafa a 1992, ta buɗe rassa a garuruwa da dama, kuma ta reshenta na Jos Mikel Obi ya bi. Ahmed Musa ma daga wata cibiya a Jos ya taso, ya zo Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, sannan ya wuce VVV-Venlo ta Holan. Dokokin FIFA sun hana sayar da yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu keɓaɓɓun yanayi, sun kuma ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa ga ƙungiyoyin da suka rene shi tun yana ɗan shekara 12 zuwa 23. Sai dai wannan kaso ƙungiyar da ke da rajista da hukumar ƙwallo ce kaɗai ke iya nemansa, don haka kocin unguwa da ya fara koya wa yaron tare ƙwallo yakan tashi a tutar babu. Wannan ne ya sa ƙungiyoyin unguwa da yawa suka yi rajista suka koma kiran kansu cibiyoyi, ko da filinsu da kayansu ba su canza ba.

A yau duka matakan uku suna tafiya tare. Gasar makarantun sakandare ta farfaɗo da Kofin Shell da aka fara a 1998, kuma hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa da masu shirya lig sun ƙirƙiro gasannin 'yan ƙasa da shekara 13 da 15. Kofin Ramat na ci gaba a Kano, cibiyoyi kuma na shirya nasu gasannin don baje kolin yara ga dillalai. Mafi yawan wasannin da yaran Arewa ke bugawa dai har yanzu na kofunan unguwa ne, kuma daga cikinsu makarantu, cibiyoyi da tawagogin jihohi ke tsinto 'yan wasansu.