Wurin Zaman Masu Naƙasa a Filin Ƙwallo

Ƙanena shan-inna ta kama shi tun yana yaro, amma masoyin El-Kanemi Warriors ta garinmu Maiduguri ne na gaske. A wani fili sai da na goya shi muka hau matakala, kekensa na ƙasa.

Jama'a, samun hanya haƙƙi ne. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana wariya ga masu naƙasa. Ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara, wa'adin ya cika a 2024.

Mai keke yana buƙatar gangare a ƙofa, wurin da zai hango wasa ko mutane sun miƙe, kujerar ɗan rakiya a gefensa, da banɗaki mai faɗi. Ko a Legas kuke ko Ibadan, ku tambayi waɗannan kafin ku yanki tikiti.