Dajin Rugu da Matsalar Itacen Girki

Dajin Rugu, wanda ya miƙe yamma da Batsari da Safana har ya dangana da ƙasar Zamfara, yaƙi ne ya kare shi tun kafin a yi wata doka ta gandun daji. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, sarakunan da aka kora suka kafa Maraɗi, kuma ta wannan yanki ne mayaƙansu suka riƙa ratsowa suna kawo hari. Ƙauyuka suka watse, mutane suka fake a garuruwa masu ganuwa irin su Ruma, gonaki suka koma kurmi.

Da Turawa suka ci ƙasar a 1903, hare-hare suka lafa, manoma da makiyaya suka fara komawa. Gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar daji a 1916, ta sake wata a 1937, aka bar wa En'e aikin tsaro. Abin da talaka ya sani game da wannan doka bai wuce malamin daji da tara ba. An hana shi sara, amma ba wanda ya zauna da shi a kan abin da matarsa za ta hura ta dafa tuwo. A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, aka sa Ruma da Kukar Jangarai cikin na farko. An yi tanadin ciyawa da ruwan shanu. Maganar murhu kuwa ba ta taso ba.

Farin 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1983 da 1984, su ne suka tona wannan giɓi. Manomin da rumbunsa ya ƙare ba shi da abin sayarwa sai itace, ga kuwa Birnin Katsina yana ta cika, motoci suna zuwa ɗauka. Hukuma ta amsa da gangamin dashen itatuwa kowace damina. Manya su zo su dasa, a ɗauki hoto, a watse, rani ya yi, awaki su ƙarasa.

Ba a rasa ilimin ba. Tun 1982 aka kafa cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Sakkwato, inda aka ƙera murhu mai tattalin itace da na'urar girki da hasken rana. Masana sun daɗe da sanin cewa murhun duwatsu uku yana zubar da mafi yawan zafin wuta a iska, abin da ke isa tukunya bai cika wuce kashi 15 cikin 100 ba. To amma wannan sani ya fi zama a rahotanni da baje-kolin birni, cikin Turanci, a gaban maza. Ita kuwa mai girkin, wadda hayaƙi ke cin idonta da ƙirjinta, da 'yarta da ke fashin makaranta don neman ƙirare, ba safai aka je gare su ba.

Arewa kaɗan, a Maraɗin nan da ta taɓa zama abokiyar gaba, an bi wata hanya. Daga wajen 1984 aka fara koya wa manoma su bar kututturen gawo da kalgo da sabara a gona, su rage rassa, su bar masu ƙarfi su tashi. Suka kira shi sassabin zamani. Abin ya kama ne sosai da manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara a kansa ba. Dokar daji ta Nijar ta 2004 ta ƙarfafa hakan. An ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo a kudancin Nijar sun kai hekta miliyan 5, kuma rassan da ake ragewa su ne itacen girkin gida.

A Batsari da Safana kuwa, cikin shekarun da suka biyo bayan 2015, 'yan bindiga suka mayar da Rugu mafaka, shiga dajin ya zama kasada da rai. Waɗanda suka gudo cikin gari suka koma sayen itace ɗauri-ɗauri. An janye tallafin kananzir a 2016, na fetur a 2023, kuɗin iskar gas ya hau, har ma'aikata da yawa da suka daɗe da barin itace suka koma gawayi, suka shiga kasuwa ɗaya da matan da aka koro daga ƙauyukansu.