John Maynard Smith da Lissafin Faɗan Dabbobi

An haifi John Maynard Smith a birnin Landan a shekarar 1920. Aikin injiniya ya fara karantawa a Jami'ar Kambirij, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu lissafin ƙirar jiragen sama ya yi. Da yaƙi ya ƙare sai ya sake komawa ɗalibi a Landan, ya karanci ilmin dabbobi a hannun shehun malami J.B.S. Haldane. A 1965 ya tafi Jami'ar Sussex, inda ya zama shugaban farko na sashen ilmin halittu.

A wancan zamani akwai wata tambaya da ta dami masana. Mazan dabbobi masu ƙaho sukan yi karo saboda mace ko makiyaya, amma ba safai suke kashe juna ba. Da yawa sun ce dabba na sassautawa ne domin amfanin jinsinta. Maynard Smith bai gamsu ba, domin wanda ya ƙi sassautawa shi zai fi haihuwa, halinsa kuma ya bazu.

Amsar ta zo daga ilmin dabarun wasa, wanda von Neumann da Morgenstern suka shimfiɗa a 1944 domin nazarin tattalin arziki. A 1973 shi da George Price suka buga maƙala a mujallar Nature, sannan a 1982 ya faɗaɗa bayanin cikin littafi. Misalinsa shi ne shaho da kurciya, watau mai faɗa har ya ji rauni, da mai barazana kawai ya janye. In kowa kurciya ne, shaho guda zai cinye komai, zuriyarsa ta yawaita. In kuwa kowa shaho ne, raunuka za su fi riba yawa, mai janyewa ya tsira da lafiyarsa. Saboda haka al'amarin yakan tsaya a wani ma'auni: idan ribar nasara 50 ce, hasarar rauni kuma 100, rabi za su zama shaho. Wannan shi ya kira dabarar da babu wata baƙuwar dabara da za ta iya ture ta.

Ashe sassaucin dabba yana iya fitowa daga son kai tsantsa, ba tare da ta san lissafi ba. An ba shi lambar yabo ta Crafoord a 1999. Ya rasu a 2004, masana kuwa suna ci gaba da auna halayen dabbobi da wannan ma'auni nasa.