Asali da Ƙofar Ɗakin Ibada: Indiya da Birnin Katsina

Masu nazarin tarihin zamantakewa sukan kwatanta sana'o'in gado na Hausawa da tsarin jinsi na ƙasar Indiya. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a gwada wannan kwatance a wuri guda, watau bakin ƙofar ɗakin ibada.

A Indiya, haihuwa ita ke yanke wa mutum matsayi. Waɗanda ake kira Dalit an ɗauki taɓa su tamkar taɓa najasa, aka haramta musu ɗakunan bautar Hindu. A garin Vaikom har hanyoyin da suka kewaye ɗakin bauta aka hana su bi, abin da ya haddasa zanga-zangar lumana ta 1924 zuwa 1925. Sai a 1936 sarkin Travancore ya buɗe musu ɗakunan bautar ƙasarsa, sannan tsarin mulkin 1950 ya soke ƙyamar a hukumance. Abin takaici, waɗanda suka koma Kiristanci don tsira sun tarar da ita ta riga su shiga majami'a: a sassan Tamil Nadu an ware musu mazauni dabam, a Tiruchirappalli kuwa katanga aka gina tsakanin kaburburansu da na sauran Kiristoci.

To, yaya lamarin yake a Katsina? Babu shakka akwai fifiko. Tun 1959 M. G. Smith ya bambanta sana'ar karda, wadda ake gada, da ta shigege, wadda ake haye, kuma kowa ya san inda al'ada ta ajiye mahauci da maroƙi. Sai dai ba a ƙofar masallaci aka ja layin ba. Mahauci kan haɗa kafaɗa da basarake a sahu, amma ranar da ya aika neman 'yarsa, a ranar zai ji maganar asali. Ilimi kuma yakan ɗaga mutum sama da sunan sana'a: Wali Ɗan Marina na ƙarni na 17, wanda laƙabinsa na Larabci, Ibn al-Sabbag, ke nufin ɗan marini, yana cikin waliyyan da Katsinawa ke tinƙaho da su.

Inda shinge ya bayyana shi ne gaban sahu. A fiƙihun Malikiyya, wanda malaman birnin suka karantar shekaru aru-aru, bawa ba ya limancin Juma'a, kuma makaruhi ne a naɗa shi limamin dindindin. Wannan hukunci ne na bauta, yana faɗuwa da samun 'yanci. Amma a ganina tabon ya daɗe a zukata bayan dokar 1936 da ta kawo ƙarshen bauta a Arewa.

Wanda aka nisanta da jikinsa kuwa shi ne kuturu. Malamai sun ce in cutar ta tsananta, sai ya janye daga jam'i don kada ya cutar da jama'a. Cuta ce dalili, ba haihuwa ba, ko da yake ƙyamar takan bi 'ya'yansa wajen aure. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, cikin shekarun 1930, aka miƙa kula da mazaunin kutare na Babbar Ruga ga 'yan mishan na SIM, alhali Turawan mulki sun daɗe suna hana mishan wa'azi a biranen Musulmi. Ta wannan ƙofa, bayan gari, mishan suka sami wurin zama a ƙasar Katsina, tsakanin mutanen da birni ya matsar gefe.