Lambar da ke Cikin Ɗigo: Yadda Aka Koyi Daidaita Zangunan Hoton Tauraro

Duk wanda ya taɓa buɗe hoton tauraron ɗan'adam a kwamfuta ya san lambobi ne zalla a ciki. Kowane ɗigo na ƙasa yana da lambarsa a zangon kore, da wata a zangon ja, da wata a zangon hasken da ke bayan ja, wanda idon mutum ba ya gani amma ɗanyen ganye ke mayar da shi sama da ƙarfi. Tambayar da ta ci wa masu wannan sana'a shekara hamsin ita ce: 40 ɗin da ka gani a gonar nan bana, ita ce 40 ɗin bara? Galibi ba ita ba ce. Lamarin kamar mudu ne: sunan ɗaya, amma na kowace kasuwa da girmansa.

Matsalar ta zo ne tare da tauraron farko. A ranar 23 ga Yuli 1972 Amurka ta harba wanda daga baya aka raɗa wa suna Landsat 1, ɗauke da na'urar MSS da Virginia Norwood ta tsara a kamfanin Hughes. Zanguna huɗu gare ta, tana auna haske da lambobi daga 0 zuwa 63. Kowane zango kuma idanu shida ke gare shi, suna share layi shida a tashi ɗaya, kuma idanun ba su taɓa zama daidai da juna ba. Sai hoto ya fito da zane-zane, duk bayan layi shida ga wani ya fi 'yan'uwansa haske ko duhu. Ke nan daidaitawar farko a tarihin fannin a cikin zango guda aka yi ta, tsakanin ido da ido. Dabarar da ta yaɗu ita ce a ɗauka cewa a babban hoto duk idanun sun ga kusan ƙasa iri ɗaya, don haka a tilasta wa rabon lambobin kowane ido ya bi na sauran. Horn da Woodham sun rubuta wannan hanya a 1979, kuma har gobe tana cikin manhajoji.

Alkama ce ta fito da babbar matsalar fili. Bayan Tarayyar Sobiyet ta saye hatsin Amurka da yawa a 1972 ba tare da an ankara ba, hukumomin NASA da NOAA da ma'aikatar noma ta Amurka suka haɗu a shirin LACIE daga 1974, don su riƙa ƙiyasta alkamar duniya daga sama. Tunanin mai sauƙi ne: a koya wa kwamfuta kamannin gonar alkama a wani yanki, sai ta gane ta ko'ina. Da aka matsa zuwa wani hoto, ko aka dawo wa wuri ɗaya bayan kwana goma sha takwas, sai lambobin suka ƙi zama. Rana ta sauya kusurwa, hazo ya ƙaru ko ya ragu, ƙasa ta jiƙe. Ko nisan duniya da rana yana da tasiri, domin hasken da ke iso mana a Janairu ya fi na Yuli da kusan kashi 7 cikin ɗari.

Daga wannan zamani muka gaji dabarar da ta fi kowace shahara. A 1973 Rouse da abokan aikinsa a jami'ar Texas A&M, suna nazarin ciyawar makiyaya, suka ɗebe lambar ja daga ta bayan ja, suka raba da jimillar biyun. Shi ne NDVI, wanda Compton Tucker ya ƙara kafawa a 1979. Hikimarsa ita ce duk abin da ya ninka zangunan biyu daidai wa daida, kamar inuwar gangare ko karkatar rana, rabawar za ta shafe shi. Abin da ɗalibai da yawa ba sa riƙewa shi ne, rabawa ba ta iya komai da abin da aka ƙara a kan lamba. Hazo kuwa ƙari yake yi: iska tana warwatsa haske zuwa idon tauraro tun bai taɓa ƙasa ba, kuma ta fi yi wa gajerun zanguna.

Maganin talaka ga wannan shi ne a nemi wuri mafi duhu a hoto, ruwa mai zurfi ko inuwar dutse, a ce ai nan ya kamata ya kusa sifili, duk abin da ya haura hazo ne, a ɗebe shi daga kowane ɗigo. Pat Chavez na hukumar USGS ya gyara hanyar a 1988. A shekarar ce kuma Schott da abokansa suka kawo wata: a nemi abubuwan da ba sa sauyawa tsakanin hotuna biyu, kwalta, rufin gini, filin jirgi, a ja layin lissafi tsakanin lambobinsu, a ɗora hoto na biyu a kan ma'aunin na farko. Waɗannan biyun su ne abincin yau da kullum na wanda ya yi aiki da manhajar ERDAS ko IDRISI ko ILWIS a shekarun 1990. Kuma a lokacin hoto ba arha ba ne. Bayan an miƙa cinikin Landsat ga kamfanin EOSAT a 1985, farashin hoto guda na na'urarsa ta TM ya haura dala 4,000. Wanda ya samu hotuna biyu, ɗaya na rani ɗaya na kaka, haka zai daidaita su da ƙarfin tsiya, don babu kuɗin na uku.

A nan ne mu da muke aiki da hotunan Sahel muka ga iyakar littattafan. Dabarar wuri mai duhu an gina ta ne a ƙasashe masu tafki garai-garai da kurmi mai kauri. A wurinmu ruwan dam jajawur yake da laka in damina ta sauka, Tafkin Chadi ba shi da zurfi ga ciyayi a kansa, sannan da rani sai ka ratsa hoto tun daga wannan kusurwa har waccan ba ka ga abu mai duhu na gaske ba. Ga kuma ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, wadda ba ta bin halin hazon Turai: ƙwayoyinta manya ne, tana taɓa har dogayen zanguna, tana haskaka wuri mai duhu amma a kan farin rairayi da ƙyar ta sauya lamba. Manhaja ba za ta gaya maka wannan ba. Za ta ɗauki lamba mafi ƙanƙanta, ta ɗebe, ta miƙo maka hoto mai kyan gani. Shi ya sa tashoshin auna ƙura na AERONET, irin na Banizoumbou kusa da Yamai da na Ilorin, suke da daraja a wurin mai son gyaran gaske.

Abin mamaki, hamadar da ke ba mu wahala ita ce ta ceci fannin a wani gefen. Na'urar AVHRR da ke kan taurarin NOAA, wadda da ita aka riƙa bin koren Sahel a shekarun fari, ba ta da abin gwada kanta a zangunan ja da bayan ja. Idonta yana dusashewa shekara bayan shekara, tauraron kuma yana jinkirta sa'ar wucewarsa zuwa yamma, ga toka da aman dutsen El Chichón a 1982 da na Pinatubo a 1991 suka watsa a sama. Ba tare da gyara ba, tsufan na'ura zai iya fitowa a taswira da kamannin kwararowar hamada ko kamannin farfaɗowar daji. Sai masana suka koma ga wuraren da ba sa sauyawa kwata-kwata, tuddan rairayin Libiya da Aljeriya da Muritaniya, har da wuraren da ake kira Niger-1 da Niger-2 a hamadar Nijar. In lambar rairayi ta sauya, na'ura ce ta sauya. Ta irin wannan taka-tsantsan ne aikin Tucker da Dregne da Newcomb na 1991 ya samu karɓuwa, inda suka nuna gefen Sahara na kudu ya matso tsakanin 1980 da 1984, sannan ya ja da baya da ruwa ya dawo.

A 2008 USGS ta buɗe taskar Landsat kyauta, sai aikin ya sauya hannu. Da can kowa da kansa yake neman lambobin juyawa, ya mai da ɗanyar lamba zuwa ƙarfin haske, daga nan zuwa kason da ƙasa ta mayar. Takardar Chander da Markham da Helder ta 2009, wadda ta tattara lambobin duk na'urorin Landsat wuri guda, kusan kowa a cikinmu yana da kwafinta. Amma hotuna dubbai ba sa gyaruwa da hannu. Lissafin iska na 6S ya shiga tsarin LEDAPS, hukumomi suka fara raba hoton da an riga an cire masa hazo. Landsat 8 ya zo a 2013, Sentinel-2 na Turai a 2015 da zanguna 13, NASA kuma ta ƙirƙiro tarin HLS don lambobin biyun su zauna a ma'auni ɗaya.

Ci gaba ne babba, ba na musu. Sai dai a ganina ya haifar da wani sakaci. A manhajojin yau maɓalli guda yana iya ɓoye ayyuka uku da ba su da dangantaka. Akwai miƙe lambobi don hoto ya yi kyau a fuskar kwamfuta, kamar yanke kashi 2 cikin ɗari sama da ƙasa, wannan na ido ne kawai. Akwai gyaran kimiyya da na yi ta bayani. Akwai kuma na lissafi, inda ake ɗebe matsakaicin kowane zango a raba da gwargwadon warwatsuwarsa, don kada zango mai manyan lambobi ya danne sauran wajen rarraba ƙasa kashi-kashi. Na ukun yana da amfani, amma in aka yi wa kowane hoto shi da nasa matsakaicin, shekarar fari da shekarar yabanya za su fito da matsakaici ɗaya, sifili. An goge ainihin abin da aka zo nema. Na sha ganin rahoton sauyin daji da aka gina a kan haka, da taswirori masu launi gwanin sha'awa. Masu koyar da kwamfuta gane hoto ma sun zo da nasu: sukan ɗauko lambobin daidaitawa na ImageNet, waɗanda aka ciro daga hotunan karnuka da motoci masu launi uku, su ɗora a kan zangunan tauraro.

Su ma hukumomin suna sauya ma'auni, kuma a fayil ɗin bayani kaɗai suke faɗa wa manhaja. Da USGS ta fito da tarin Landsat na biyu a 2020, lambar ninkawa ta tashi daga 0.0001 ta koma 0.0000275, tare da ɗebe 0.2. Daga 25 ga Janairu 2022 kuma hukumar ESA ta ƙara 1000 a kan kowace lambar Sentinel-2, don a samu wurin ajiye ƙimar da ta faɗi ƙasa da sifili. Ɗauki gonar gero mai 500 a ja da 3000 a bayan ja: NDVI ɗinta 0.71. Bayan ƙarin, 1500 da 4000, sai ya zama 0.45. Wanda bai ɗebe dubun nan ba zai ga kamar duk ciyayin yankinsa sun yi rauni a dare ɗaya, daga Sakkwato har Damagaram. Google Earth Engine ya fito da wani tari da ya mai da sababbin lambobin kan tsohon ma'auni, wasu rumbunan kuwa suna raba su yadda ESA ta bayar. Don haka a yau mutum biyu za su iya sauke hoto ɗaya, na rana ɗaya, su tarar da tazarar 1000 a kowane ɗigo, kuma kowannensu abin da ke hannunsa daidai ne.